Ɗalha Mai Inji da Ciwon Toka

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bakin titin Yashe ya san Ɗalha mai inji, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat, sai dai ba mai iya rantsuwa ko furfura ce ko gari, don ba a cika ganinsa a wanke ba sai ranar Juma'a. Wajen ƙanen mahaifinsa ya gaji injin tun yana saurayi, zamanin da ake tayar da inji da hannu, a yi ta juya ƙarfe har kafaɗa ta yi tsami. Shekaru suna tafiya, inji yana cin dawa da gero da masara, yana kuma cin kunnuwan Ɗalha a hankali. Kafin ya aurar da 'yarsa Sumayya zuwa Kankiya, kunnen hagu ya mutu murus. Na dama kuwa sai an matso kusa an ɗaga murya.

A sana'a ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Matan unguwa sun san in an kai masa tiya, garin tiya zai dawo, har dusar da ta maƙale a bakin inji sai ya kakkaɓe wa mai ita. Matsalar Ɗalha daban take. Tun da ji ya yi ƙasa, sai zargi ya samu wurin zama a zuciyarsa. In ya hango mutum biyu suna magana, ɗayansu ya waiwayo, to da shi ake. In suka yi dariya kuwa, magana ta ƙare. Ya daina zaman majalisa. Ko a wajen ɗaurin aure gefe yake tsayawa, yana bin leɓɓan mutane da ido, yana ƙirƙira musu abin da suka faɗa.

Matarsa Ma'u takan tsaya daidai kunnensa na dama ta ce, "Malam, halan duniya ba ta da aikin yi sai zancenka?"

Shi kuma ya ce, "Ke kina ji, shi ya sa ba ki gani."

Wata damina ce kyanwar ta zo. 'Yar mitsitsiya, jiƙe sharkaf, ta lallaɓa ta kwanta gindin inji inda ƙarfe ke da ɗumi. Da ya tayar da inji da safe ya zaci za ta arce, sai ta buɗe ido ɗaya ta dube shi ta koma barcinta. Wannan ya burge shi. Ya sa mata suna Toka saboda launinta, ko da yake ita ma cikin ɗan lokaci ta koma fara kamar ubangidanta. Ɓerayen da suka daɗe suna huda buhuna suna gaigayar bel suka yi ƙaura. Amma ba don ɓera kaɗai Ɗalha ya riƙe ta ba. Toka ce kaɗai halittar da zama da ita ba ya bukatar kunne. In ya kashe inji da azahar ta hau cinyarsa, yakan ɗora tafin hannu a bayanta ya ji wannan ƙugin da tsofaffi ke cewa tasbihi ne kyanwa ke yi. Da hannu yake jinsa, sarai, ba sai an maimaita masa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba rumfar injin da gidan Sada. Shi Sada tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Kano da Katsina kafin ciwon baya ya zaunar da shi, ya koma kiwon tantabaru. Tare suka yi ƙuruciya da Ɗalha, tare aka yi musu kaciya, kuma tantabarun Sada a ƙofar injin suke kalaci da tsabar da ta zube. Wata rana Sada ya leƙo yana dariya, ya nuna Toka ya faɗi wata magana. Abin da Ɗalha ya tsinta a ciki kalma biyu ne, "mussa" da "wataran". Bai nemi a maimaita ba. Ya ajiye su a ransa.

Bayan kaka, lokacin da niƙa ya fi yawa, wata safiya Toka ba ta fito tarbarsa ba. Ya same ta can ƙurya bayan buhunan dusa, ta takure, yawu yana zuba daga bakinta, gefenta ga aman kumfa rawaya. Ya ɗauko kan busasshen kifi ya ajiye mata. Ta taso kamar mai jin yunwa, ta shinshina, ta yi ta haɗiyar yawu, sannan ta ja da baya ta juya masa ƙeya.

Ɗalha bai tsaya dogon tunani ba. A ransa ya ce guba ce, kuma guba ba ta da ƙafa, kawo ta ake yi. Nan take ya tuno cewa shekaranjiya ya hango Sada a ƙofar shagon mai shayi da wasu mutum biyu, yana magana yana nuna rumfar inji da hannu. Da ya ƙaraso suka yi tsit. Ya tambaya ko lafiya, Sada ya kaɗa hannu, bakinsa ya yi siffar "ba komi".

Ya naɗe Toka a tsohon buhu ya kai ta gida. Ma'u ta ɗura mata manja da cokali, don an ce yana karya dafi, ta bi da nono. Ba a jima ba duka suka dawo. Washegari ma haka. Kyanwar tana so ta ci, abin ya gagara. In ta sha ruwa kaɗan ya zauna, in ta ƙara sai amai.

Labari ya zaga unguwa, kowa ya zo da nasa ilimin. Adda, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda ta fi kowa daɗewa tana kawo masa niƙa, ta kama kunnensa ta ce, "Ɗalha, ba kowace mussa ce mussa ba. Wadda ta zo da kanta cikin ruwan sama, ka san daga inda ta hito? Masu abinsu ne suka zo amsa. Ka kai ta bakin rafi ka aje, kada ka waiwaya."

Wani kuma ya ce wannan dalalar yawun irin ta haukan kare ce, a yi nesa da ita. Wannan maganar ce ta fi yin illa, don cikin 'yan kwanaki wasu mata suka fara aika niƙansu sabon injin da aka kafa can kusa da tasha, wai kada yawun ya shiga musu gari, alhali kyanwar tana gida ba ta ko leƙo rumfar. Ɗalha ya tsaya bakin inji yana kallon kwanuka suna wuce shi. Ya haɗa wannan da wancan, ya ga komai ya zauna daidai. An kashe masa kyanwa don a kashe masa kasuwa. Har ya fara tunanin ko Sada yana da hannun jari a sabon injin.

Ranar kasuwar Kusada ya rufe rumfa ya tafi wajen wani mai sayar da maganin dabbobi a kan tabarma. Ya fara bayani ke nan, mutumin ya katse shi, ya miƙo wata kwalba ya ce tsutsar ciki ce, wannan na awaki ne amma a rage. Ɗalha ya dubi kwalbar, ya dubi mutumin. Yaya wanda bai ga mara lafiya ba, bai ma bari an gama faɗa masa ciwon ba, ya san magani? Ko an riga shi zuwa ne? Ya karɓa dai, don ba ya son komawa hannu biyu. A gida ya shinshina, ya ɗiga a harshensa, ya jira ya ga bai mutu ba, sannan ya ba Toka ɗan kaɗan. Shi ma ta amayar. Zuwa lokacin ƙasusuwan bayanta sun fito, gashinta ya tashi, in ya shafa cikinta sai ta zabura.

Sai ya koma bincike. Ya fitar da buhuna, ya share ƙarƙashin inji, ya bi gindin katanga yana tona shara da tsinke. A daidai inda katangar Sada ta ɗan zube ya tsinci wani gwangwani da ragowar jan gari a ciki. Ya kai wa Ma'u. Ta duba, ta murza da yatsa, ta ce jar kanwa ce da ake jiƙa wa tantabaru, kowane mai kiwo yana da ita.

"To mi ya kawo ta gefena?" in ji Ɗalha.

"Iska, Malam. Ko kaji. Ka bar wanga zance."

Bai bari ba. Da aka idar da sallar la'asar, mutane suna neman takalmansu, ya tare Sada a ƙofar masallaci da gwangwanin a hannu. A nufinsa a hankali zai yi magana, amma wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin tsayinta. Har masu sayar da rake a tsallaken titi sai da suka juyo.

"Sada, mi Toka ta yi maka? In ni ne ba ka so, ga ni. Dabba mi ta sani? Tun muna yara na san cikinka, amma ban zaci ya kai nan ba!"

Sada ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi gwangwanin, ya dubi jama'ar da ta zagaye su, fuskarsa ta canza. Ya matso ta gefen hagun Ɗalha ya faɗi wata gajeriyar magana, ya sa ɗaya takalmin ya wuce.

"Mi ya ce?" Ɗalha ya tambayi na kusa da shi. Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya tambayi na biyu, shi ma ya kau da fuska. Ba wanda ya faɗa masa, kuma a wajen Ɗalha wannan shirun shaida ce.

Ma'u ta ji labari kafin ya iso gida. Ta ɗauki waya ta kira Sumayya. Da suka gama ta zo ta tsaya a kunnensa.

"Ɗiyarka ta ce akwai asibitin dabbobi nan Kankiya, can mijinta ya kai ragonsu da ya kumbura. Gobe ka tahi da ita. In guba ce su hwaɗa maka, in ba ita ba ce ka san abin da ka ɗauko ma kanka yau."

Da hantsi ya sa Toka a kwando, ya rufe da tsohon zanen Ma'u, ya tari mota. Da kwandon ya motsa, matar da ke gefensa ta ɗaga zanen ta leƙa, ta faɗi wani abu, motar ta ɗauki dariya. Ɗalha ya ƙura wa titi ido har suka wuce Gidan Mutum Ɗaya, bai dubi kowa ba.

A harabar asibitin akwai Fulani da ɗan maraƙi, da wani mai tumaki, da wata mata riƙe da kaji a ɗaure. Shi kaɗai ne mai kyanwa. Likitar da ta fito mace ce, ba ta girmi Sumayya da yawa ba, sunanta Martha. Iyayenta mutanen kudu ne, mahaifinta ya daɗe yana sayar da kayan gyaran babur a Kankiya, a nan aka haife ta, Hausarta ta Katsinawa ce tsaf. Ɗalha ya ɗan ja baya. A ransa ya ce yarinya ce, kuma likitar shanu. Ta gaishe shi, ya amsa abin da ba shi ta tambaya ba. Sai ta lura bakinta yake kallo. Ta zagayo ta damansa, ta fuskance shi, ta yi magana dalla-dalla.

"Baba, mi ke damunta?"

"Guba aka ba ta. Na san wanda ya ba ta."

"To. Bari mu ji daga bakinta tukuna."

Ta yi masa tambayoyi masu yawa. Tana karkarwa? A'a. Ta taɓa faɗuwa tana shure-shure? A'a. Akwai jini a aman ko a kashi? Babu, kashin ma ya ɗauke. Ta ciji wani, ko wani kare ya cije ta? Ko kusa. Ta duba idon Toka da dasashinta, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Sannan ta sa yatsu tana lalubar cikin a hankali, ta daɗe a wuri ɗaya, kyanwar tana nishi.

"Baba, ban ce ba a ba dabba guba ba, ana yi. Amma wadda aka ba guba ba ta kai war haka a wanga hali. Ko ta mutu, ko ta miƙe. Wannan hanjinta nake ji ya tattare wuri guda, kamar an zuge wando. Ina son in duba bakinta da kyau, kuma ba za ta bari ba sai na yi mata allurar barci."

Ɗalha ya janyo kwandon jikinsa. Ya taɓa jin cewa da irin wannan allurar suke raba dabba da duniya in sun ga ba ta da amfani, su ce wa mai ita kwana ne ya ƙare.

"In ba ta tashi ba fa?"

"Ta galabaita, ba zan ɓoye maka ba, akwai haɗari. Kaɗan zan yi mata. Amma in ka mai da ta gida haka, ba ta kai wani mako. Kai za ka riƙe ta, hannunka na kanta har mu gama."

Ya tsaya yana nazarin fuskarta, yana neman inda ƙaryar take. Bai samu ba, ko da yake bai daina nema ba. Ya ɗora Toka a kan teburin da kansa.

Da jikin kyanwar ya saki, Martha ta buɗe bakin ta haska da tocila. Haƙora lafiya, maƙogwaro ba komai. Ta ɗaga harshen ta duba, ta sauke. Ɗalha ya ga ta ɗan yamutsa fuska, ya ce a ransa ai dama. Sai ta sake ɗaga harshen, wannan karon ta tura shi sama sosai da yatsa ta ƙarƙashin haɓa. Can gindin harshen akwai wani ɗan kumburi ja, da wani siririn layi baƙi da ya nutse a cikin nama. Ta sa hantsaki ta taɓa shi, ya ɗago.

"Matso ka gani, Baba."

Zare ne. Ya zagaye gindin harshen kamar an yi masa zarge, bakinsa biyu sun gangara cikin maƙogwaro.

Ta bayyana masa da baki da hannu. Toka ta haɗiyi dogon zare, tsakiyarsa ta maƙale a harshe, sauran ya wuce ciki. Hanji yana ja yana son ya wuce da shi, harshe ya riƙe, shi ya sa hanjin ya tattare, abinci ba ya wucewa. Ɗalha ya miƙa hannu yana cewa a jawo shi mana. Ta tare hannun.

"Ko kusa! In aka ja, yanka hanjin zai yi kamar wuƙa. Yanke shi zan yi daga nan, mu sake shi, mu roƙi Allah ya fita ta baya da kansa. In ka ga ya leƙo, kada ka ja, kada ka bari wani ya ja. In kuma aman bai tsaya ba, ko cikin ya kumbura, to sai tiyata, kuma ba mu da kayanta a nan, sai an dangana da babban gari."

Ta sa ɗan almakashi ta datse zaren, ya sulale ya ɓace a maƙogwaro. Ta yi wa Toka ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ɗalha bai ɗauke hannunsa daga haƙarƙarinta ba har ta fara motsa kunne.

Sai da ya ga ta buɗe ido sannan ya yi tambayar da ke cinsa. "Likita, wa ya ɗaura mata?"

"Ba kowa, Baba. Mussa da zare ai sai Allah. Harshenta kaushi gare shi, abin da ya kama ba ta iya tofarwa. Kai da ke zaune cikin buhuna, zare ai ba ya yi maka wuya."

Ya gyaɗa kai don ladabi. Amma ya san zaren buhu fari ne mai kauri, wannan kuwa baƙi ne siriri. Kuma a duniyar da ya sani, in aka samu baƙin zare a ɗaure a inda ido ba ya kaiwa, ba a cewa tsautsayi. Ya bar Kankiya da sauƙi a rabin zuciyarsa, ɗaya rabin kuma ya fi da nauyi. Ashe abin ya wuce guba, asiri ne.

A gida ya kulle Toka a ɗakinsa, ya zuba mata yashi a tsohon daro. Aman ya tsaya. Ta fara lasar romo, daga baya ta ci ɗan kifin da Ma'u ta dagargaza. Ɗalha ya zama ba shi da aiki sai tona yashi da tsinke, safe da yamma, inji kuwa sai ya ga dama yake buɗewa. Ma'u ta ce tun da take ba ta taɓa ganin dattijo mai jikoki yana gadin kashin kyanwa ba. Ya yi kamar bai ji ba, wanda a wajensa ba abu ne mai wuya ba.

Ana nan, wata safiya zaren ya fita, a dunƙule. Ya wanke shi a gwangwani, ya warware a kan dutse cikin rana. Ya fi kamu biyu tsawo, kuma ga ƙulli nan a jikinsa, ba ɗaya ba, an ɗaure su tamau da hannun mutum. Ya kira Ma'u ya nuna mata, irin nunin wanda gaskiyarsa ta fito.

Ma'u ta durƙusa ta ƙura ido. Ta sa farce ta ciro wani ɗan abu fari daga cikin ƙullin, ta ɗaga shi.

"Malam, wannan ai tushen gashin tsuntsu ne. Ga wani nan ma."

Ya karɓa ya jujjuya. Ya naɗe zaren a takarda, ya zura takalmi, ya nufi gidan Sada, gidan da rabonsa da shi tun kafin ranar masallaci.

Ya tarar da shi a bayan gida yana watsa wa tantabaru dawa. Sada ya amsa sallama bai dube shi ba. Ɗalha ya buɗe takardar ya miƙa masa.

"A cikinta aka samu. Naka ne?"

Sada ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya buɗe wani ɗan akurki ya kamo wata farar tantabara mai gashi har ƙafa, ya buɗe fiffikenta. Dogayen gashin an haɗe su an ɗaure da baƙin zare, ƙulli bayan ƙulli. Ya kama Ɗalha ta kafaɗa ya juyo da kunnensa na dama.

"Nawa ne. Biyu na sawo su a Bichi, mace da namiji. Baƙuwar tantabara ɗaure mata fiffike ake har ta saba da gida, in ba haka ba ta koma inda ta hito. Da safe na zo na tarar da ƙafafun namijin da kai, sauran babu. Ga sawun mussa nan a kan katanga, fari fat da gari, ko makaho ya san daga inda ta hito. Abin da ka ga ina hwaɗa ma mutane ke nan a wajen mai shayi. Na ce kada wanda ya gaya maka, don na san yadda kake da ita, kuma na san halinka."

Ɗalha ya dubi tantabarar, ya dubi zaren. Da ƙyar ya ce, "To a masallaci mi ka ce mani?"

"Allah ya isa na ce. Ban so ka ji ba, shi ya sa na hwaɗa ta kunnen hagu. Kuma har yanzu ban janye ba."

Ɗalha ya juya ya fita, bai ko yi sallama ba. A gida ya zauna bakin ƙofar ɗaki, Toka tana kwance a rana tana lasar ƙafa kamar ba ita ba. Da ya buɗe baki, abin da ya ce wa Ma'u shi ne, "Amma mi ya sa ya bar akurkin a buɗe, ya san an ɗaure ma tsuntsu fiffike?"

Ma'u ta ajiye muciya ta dube shi. Ba ta zagayo ta kunnen dama ba, kallonsa kawai ta yi har ya sunkuyar da kai.

Da la'asar, bayan liman ya sallame, Ɗalha ya miƙe kafin kowa ya tashi. Da muryar nan tasa da ba ta da linzami ya ce a nan ya tozarta Sada, a nan kuma yake neman gafararsa, kyanwarsa ce ɓarauniya, Sada bai yi komai ba sai rufa masa asiri. Ya zauna da sauri. Sada bai amsa a ranar ba. Sai da Ɗalha ya sawo ragar waya ya kwashe yini biyu yana zagaye ɗakin tantabarun da ita, yana bugun yatsa da guduma, sannan Sada ya kawo masa ruwa a moɗa, ya tsaya ta dama ya ce ya yafe. Zumuncin ya dawo, ko da yake Sada bai ƙara yi masa wasa a kan kyanwa ba. Masu niƙa ma suka dawo da kaɗan-kaɗan, Adda ce ta fara, tana cewa ita dai har yanzu ba ta yarda da idon wannan mussa ba.

Toka ta murmure, ta koma rumfar inji. Da ta yi ƙwari ya sake sa ta a kwando ya kai wa Martha ta gani, da ƙullin garin masara mai laushi wanda ya niƙa sau biyu. Ta duba ƙarƙashin harshen ta ce ya warke, saura tabo. Ya ba ta labarin tantabarar, ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma wannan karon ya san abin da ake wa dariya, har shi ma ya taya ta. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Likita, ku da kuke gano abin da ya ɓuya, ba ku duba kunnen mutum?"

Ta ce wannan ba fanninta ba ne, amma akwai masu yi a Katsina, har wata 'yar na'ura suke sa wa mutum a kunne, wasu suna dacewa. Ta kwatanta wa Sumayya wurin ta waya, mijin Sumayya ya ce shi zai kai shi duk ranar da ya shirya.

Damina biyu ke nan da yin wannan magana. Ɗalha yana nan bakin titin Yashe, inji yana ruri, gari yana tashi. Duk sanda Sumayya ta zo ta tayar da zancen Katsina, sai ya ce yana sane, ba ƙi ya yi ba. Yana dai son ya fara samun wanda aka taɓa sa wa na'urar, ya zauna da shi, ya bincika ko ita ma ba ta jiyar da wasu abin da mutum ke faɗa a cikin gidansa.